Wanda Ya Mutu a Hanyar Kumasi

Abokan zamana na rumfar hatsi sun dame ni da tambayar tafiyar da na yi Gaya, shekarar da aka kori baƙi daga Gana. Kowa a Dakoro ya san yadda ta ƙare, don a gaban jama'a ta ƙare, amma tsakiyarta ba wanda ya sani, ni kuma na daɗe ina kauce wa zancen. Yanzu hukumar wancan lokaci ta canza, abin da nake tsoro kuma ya wuce, shi ya sa na zauna na rubuta. In kun ga wani wuri a karkace ku yi haƙuri, ni da na yi tafiyar ma har yau akwai inda ban gane ba.

A lokacin ina cikin 'yan majalisar gari. Ba don ilimi aka sa ni ba. Gero nake sayarwa, ina da baki, kuma ba ni da rigima da kowa. Wata safiya suprefe, wato shugaban mulkin Dakoro, ya tara mu a ofishinsa, wanda muke kira biro. Bazabarme ne dogo, Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba, saboda haka da Faransanci ya yi magana tafinta yana juya mana. Ya ce mutanenmu da aka koro sun taru a Gaya, bakin iyaka, gwamnati kuma ta ware kuɗi don a zaunar da su. Kowace gunduma ta aika mutum ya ɗebo nata. Duk maigidan da aka kawo, majalisa za ta nema masa gona, gwamnati ta biya rufin ɗaki da iri da abincin da zai kai shi kaka.

Wani dattijo makiyayi daga Azagor ya tambaya ko za a iya ba mutum akuya maimakon rufin ɗaki, tunda su can ɗakinsu ba ya zama wuri guda. Mai garin Rumbu ya ce gona akwai, amma rijiyarsu ko su ba ta isa. Na Korahane bai ce komai a kan gona ba, ya dai tambaya ko kuɗin sun iso. Tafinta ya ce suna hanya. Don kada in manta, kuɗin nan da ke hanya sai bayan girbi suka shigo Dakoro, sun kuma rame sosai a tafiyar.

Daga nan suprefe ya yi wani bayani da ya ɗaure mini kai. Ya ce kuɗin kashi biyu ne. Akwai na 'yan ƙasa da suka dawo gida, shi ne zai biyo ta hannun majalisa. Akwai kuma na baƙi, waɗanda ba 'yan nan ba ne kuma ba su da inda za su koma. Wannan wasu Turawa masu agaji ne suka kawo, a Yamai ake riƙe da shi, mu ba ruwanmu. Ni mai hatsi sai na ɗauke shi kamar buhu biyu, na gero da na shinkafa.

Na ce wa tafinta, "Tambaye shi, mutumin da anka kora can don shi baƙo ne, in ya zo nan mi ya zama?"

Tafinta ya dube ni, ya ce in bari a gama taro. Har yau ba a gama ba ni amsa ba.

Da aka zo zancen wanda za a aika, ni na miƙe da kaina, kuma kowa ya san dalili. Yayana Mamman ya tafi Kumasi fataucin goro tun ban fara azumi ba. Ya yi aure can, ya zauna can. Lokaci lokaci mafatauci zai kawo mana ƙullin goro da gaisuwa, shi ke nan. Mahaifiyarmu ta rasu tana tambayarsa. Abin da ke raina guda ne: in dawo da shi garin ubansa da sunansa, ya samu ɗakinsa da gonarsa, ya zauna cikin dattawa a matsayin maigida. Ba na son ya dawo bayan shekarun nan duka ya raɓe a gidan ƙaninsa. Tun kafin in tashi na je na nuna wa mai gari filin da nake so a ba shi.

Aka ba ni babbar motar da ake ɗaukar gyaɗa, da direbanta Sahabi, mutum ne da ba ya magana sai da injinsa. Kafin mu kai Kornaka yashi ya riƙe mu. Muka sauka muna tona, muna shimfiɗa rassan geza ƙarƙashin taya. Na cire babbar rigata, wadda na ɗinka musamman don a san ɗan majalisa ne ya zo, na rataya a jikin mota. Da motar ta fizga sai ta tafi da ita, taya ta bi ta kan hannun rigar na hagu. Haka na shiga Maraɗi da sawun taya a kafaɗa, wani abokin cinikina da na sauka gidansa yana tambayata ko sabon ado ne na hukuma.

A Maraɗi aka ba ni takardar shan mai da hatimi. Mai gidan man ya juya ta, ya ce hatimin na ofishin noma ne, shi kuwa na ofishin kuɗi ya sani. Na koma, ofishin kuɗi suka ce su ba su san da wata tafiya ba. Na yini ina zirga-zirga tsakanin ƙofofi, kowa yana karɓata da fara'a yana nuna mini ƙofar gaba. A ƙarshe abokin nan nawa ne ya yi magana da mai gidan man, don surukinsa ne, aka cika mana tanki ba wanda ya ƙara kallon takardar.

A Ƙonni jandarma, wato ɗan sandan da ke tsaron hanya, ya tsayar da mu. Abin da ya dame shi shi ne mota babba haka tana tafiya wajen iyaka ba kaya. Na ce mutane za mu ɗebo. Ya ce to ina mutanen? Na ce suna Gaya. Ya hau bayan motar ya bincike ta lungu lungu, ya ƙwanƙwasa katako, ya shinshina, ya samu ƙwayar gyaɗa a wani saƙo ya cinye. Da bai samu komai ba sai ransa ya ƙara ɓaci, ya ce zai tuna da fuskata.

Bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane. A Doso yunwa ta kama ni, na nufi wata mata mai ƙwarya a tasha. Duk wanda ya zo wurinta sai na ji ya ce "fofo", ita ma ta ce "fofo". Na ce lalle sunan abin da take sayarwa ke nan. Na miƙa kwanona na ce a zuba mini fofo, a sa nono da yawa. Matar ta yi dariya har ta dafa ƙasa, ta kira maƙwabtanta su ma su ji. Sahabi ne ya buɗe baki, karo na farko tun Dakoro, ya ce sannu ce da Zabarmanci. Abin da ke ƙwaryar kuwa fura ce irin tamu, sai dai ba yaji.

Gaya gari ne na zufa da sauro. Nan na fara ganin ruwan da ba ya ƙafewa da rani, kogin Kwara, da gada a kansa, ƙetare kuma Dahome. Ta kan gadar nan mutane suke ta shigowa. Na ga tsoho ɗauke da keken ɗinki a ka, na ga mata da gadon ƙarfe, na ga wani rungume da agogon bango kamar jariri. 'Yan duwan, masu tsaron kaya a iyaka, sun rasa abin yi: in sun ce za su karɓi haraji a kan gadon ƙarfe, mai gadon ba shi da ɗakin da zai sa shi ma. An zuba jama'a a rumfunan ajiyar gyaɗa da filin makaranta. Ni da Sahabi muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motarmu, nan ne masaukinmu har muka bar garin.

Mutanen nan Hausawa ne, amma wasu irin Hausawa. In sun zo gaisuwa sai sun bi layi sun ba kowa hannu daga dama, ko da babba yana hagu. Matansu ba sa rage murya gaban maza. Mace ta kwana biyu da rasa gidanta, amma ta riga ta kafa murhu a bakin rumfa tana soya kifi tana sayarwa, mijin yana zaune gefe ya yi tagumi. Wata ta sayar mini da dokunu, tuwon masara ne mai tsami naɗe da ganye. Ban san ana ɓare ganyen ba, na haɗa na tauna, ta bar ni na kusa cinyewa sannan ta gaya mini. Mu a Dakoro in baƙo yana kuskure a abinci sai a kau da kai. Su kallo suke yi su yi dariya, sannan su ƙara maka wani kyauta.

Ba ni kaɗai aka aiko ba. Wakilan wasu gundumomi sun riga ni, kowa ya tsaya gaban motarsa yana kiran sunan garinsa kamar 'yan kamasho a tasha. Wannan Tasawa, wancan Madawa. Ni ma na fara kiran Dakoro. Kaɗan suka amsa. Wata ta tambaye ni ko akwai wutar lantarki. Wani ya rantse shi haifaffen Dakoro ne, da na tambaye shi unguwa ya ce can bakin kogi, kusa da inda ake ɗaure kwalekwale. Na dube shi, ga 'ya'ya a bayansa, na ce ya hau, sai dai kogin ya ɗan ja baya tun bayan tafiyarsa.

Duk wannan hankalina yana kan Yaya Mamman. Aka nuna mini komi, wato magatakardan da ke karɓar sunayen masu shigowa. Saurayi ne ɗan Damagaram, idanunsa sun yi ja don gajiya. Na ce ina neman Mamman ɗan Abdu mai goro, daga Kumasi. Ya ɗan duba, sai ya cire hularsa ya ajiye.

Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Ya rasu a hanya. Ɗiyarsa ce ta faɗa mini da bakinta."

Na zauna a ƙasa gaban teburinsa. Ban san fuskar yayana ta tsufa ba, amma na ji zafin da ban ji ba ko ranar da aka binne ubanmu. Na yi ta tunanin filin da na nuna wa mai gari. Da na iya tashi, maimakon in nemi ɗiyar tukuna, sai na wuce gidan waya na sa aka buga wa Dakoro cewa Mamman ya rasu, a zauna makoki. A wurinmu ba a jinkirta labarin mutuwa, abin da na sani ke nan.

Sannan na shiga rumfuna ina tambayar ɗiyar Mamman, wadda komi ya ce sunanta Hawa. Na same ta durƙushe tana wanke wa wani tsoho gyambo. Budurwa ce cikakkiya, doguwa, da goshin gidanmu sak. Amma ta ɗaura jan zane, ja wur. Raina ya ɓaci: uba ya mutu, ɗiya ta yi shigar biki. Daga baya na ji cewa a wajen dangin uwarta, ƙabilar Asante ta Gana, ja shi ne kayan makoki.

Na ce, "Ɗiyata, ni ne Issaka, ƙanin ubanki. Ya haƙuri?"

Ta wanke hannu ta durƙusa, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Baba Issaka, ya sha wahala. Tun Kumasi ƙafansa ya kumbura. A cikin mota ya cika, muka binne shi a wani ƙauye cikin Togo."

Na ce, "Allah shi jiƙan shi. Ya bar wata magana?"

"Ya ce in gaishe da dangin Dakoro. Ya ce bai taɓa ganin ku ba, amma yana son ku."

Wannan ta tsaya mini. Mutumin da ya goya ni ya ce bai taɓa ganina ba? Na ce a raina zafin ciwo ne ya juya masa tunani, na ƙara jin tausayinsa.

Ta share ido ta ce, "Zo ka ga Baba."

Na ɗauka wani dattijo ne da ya riƙe ta a hanya, ya kamata in yi masa godiya. Na bi ta bayan wasu buhuna da aka jera aka yi ɗaki da su. Wani tsoho yana kwance a tabarma, ramamme, ya juya baya. Da ya ji motsi ya juyo. Fuskar ubanmu ce, har da tsagen gidanmu a kumatu.

Ya ƙura mini ido ya ce, "Issaka? Kai ne ka tsufa haka?"

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a waje, takalmi ɗaya a ƙafa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Mata masu suyar kifi suka bar kaskonsu suna kallona. Hawa ta biyo ni da ɗayan takalmin tana tambaya ko ciwon farfaɗiya gare ni.

Na ce, "Wa kunka binne a Togo?"

Ta ce, "Wanda ya haife ni. Mamana."

"To don mi kike cewa ya mutu?"

Ta dube ni da mamaki. "Ai ya mutu."

Sai da na koma ciki, na taɓa hannun yayana na ji ɗumi, muka rungume juna muka daɗe, sannan ya warware mini. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun a kan gada, shi ya sa Hawa ta je layin komi ita kaɗai.

Ya ce, "Matata ce ta rasu, Issaka. Su 'yan Kumasi ba su da kalmar 'ta' a bakinsu. Mace ya zo, akuya ya haihu, duk ɗaya. Na yi ta gyara mata tun tana ƙarama har na gaji."

Murna da kunya da ruɗani suka haɗe mini. Na tuna wayar da na buga, na ruga gidan waya, na tarar an rufe don Juma'a. Sai na wuce wurin komi, na ce masa yayana yana da rai, a gyara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya ce yarinyar ta ce masa wanda ya haife ta ya mutu, shi kuma ya tambaye ta labarin uwarta ta ce Asante ne, sai ya ɗauka uwar tana can Gana. Duk Bahaushen da ya ji haka abin da zai rubuta ke nan.

Na ce, "To ba laifinka ba ne. Goge kawai."

Ya ce gogewa ba ta hannunsa, sai alƙali a Doso da shaidu, amma ana iya yi. Sannan ya rage murya. Ya ce tunda uba ya rasu ba wata shaida cewa ɗan nan ne, uwa kuma ba 'yar nan ba, sai ya sa Hawa cikin baƙi marasa ƙasa. Wata Baturiya daga cikin masu agaji ta gan ta tana wanke raunuka, ta gano ta fara koyon aikin jinya a Kumasi. An riga an sama mata wuri a makarantar jinya a Yamai, da ɗaki da abinci, duk daga kuɗin baƙi. Motarsu ta kusa tashi.

Na ce, "Madalla. Ga uba kuma da rai. Murna biyu ke nan."

Ya ce, "Baba, in ubanta ya tashi, ita 'yar Dakoro ce. 'Yar Dakoro kuɗin majalisarku ne nata. Kuɗin majalisarku yana biyan makaranta?"

Na tuna taronmu na biro. Iri da rufin ɗaki da abinci kawai suprefe ya lissafa mana.

Na ce, "To ba za a iya ɗiba nan a zuba can ba? Duk don mutanen nan anka kawo su."

Ya ce ba a haɗawa. Na tambayi dalili, ya ce shi ma komi ne kawai. Ya mai da hularsa ya ce, "Ni ban ji komai ba tukuna. Ku je ku yi shawara. In ka dawo ka sake faɗa mini, to na ji."

Na koma rumfa da rana tsaka na zayyana musu yadda na fahimta, da buhun gero da buhun shinkafa. Hawa ba ta san abin da maganarta ta jawo ba sai a lokacin. Ta miƙe tsaye ta ce yanzu za ta je ta gyara, ita ba za ta kashe ubanta da bakinta ba.

Yaya Mamman ya ce, "Zauna. Kin riga kin kashe ni, kuma ban ji zafi ba."

Ya juyo gare ni ya tambaya ko akwai inda ake koyon jinya a Dakoro. Na ce akwai ɗakin magani guda, da mutum guda a ciki. Ya ce in dubi hannunta, ko ya yi kama da wanda ya taɓa riƙe hauya. Ya ce uwarta ta yi shekaru tana soya kifi a bakin titi don yarinyar nan ta sa farar riga, a cikin mota ma zancen da ta cika da shi ke nan.

Na ce, "Yaya, ka san abin da kake faɗi? Ba ka da gona, ba ka da ɗaki, ba ka da suna wurin hukuma. Na riga na zaɓa maka fili. Don wanga na taho tun daga Dakoro."

"Na sani."

"Kuma ƙarya ce."

"Wa ya yi ta? Ita gaskiya ta faɗi da harshen da ta iya. Ni ba a tambaye ni ba. Hukuma ce ta ji abin da ta ji."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa ya gudu ya bar mu muna yara, yanzu kuma ya dawo yana so in kai gawa gida tana tafiya da ƙafarta. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in akwai wurin tabarma a zaurena ya ishe shi. Na fita na zagaya filin makaranta, na je har kusa da teburin komi, na ga layin mutane, na tsaya, na juyo. Ban koma wurinsa ba.

Ranar da motar Yamai za ta tashi muka raka Hawa. Baturiyar tana tsaye da jandarma a bakin mota. Hawa ta durƙusa gabana ta ce, "Baba Issaka, sai wata rana." Sannan ta durƙusa gaban ubanta, ta buɗe baki, ta dubi jandarman, ta rufe. Ya ɗora mata hannu a ka ya ce Allah ya yi albarka, kamar yadda kowane tsoho zai ce wa ɗiyar mutane. Ta hau ba ta waiwayo ba, shi kuma bai motsa ba sai da ƙurar motar ta kwanta.

Dawowarmu ba ta da labari mai yawa. Mota cike da mutane da gadajen ƙarfe, yara suna amai, keken ɗinki yana dukan bayana a kowane rami. A Maraɗi na ce zan buga waya gida in gyara ta farko. Yaya ya riƙe mini riga, ya tuna mini cewa duk wayar da ta shiga Dakoro ta biro take bi. Da muka bar Maraɗi muka yi arewa, itatuwa suka fara raguwa, matar mutumin nan mai zancen kwalekwale ta tambaye ni ko gobara aka yi. Yaya yana zaune can ƙurya ya rufe fuska da rawani, sai dai in mun wuce wani ƙauye ya faɗi sunansa a hankali.

Da hantsi muka shiga Dakoro. Gari ya fito, rabi don ganin mutanen Gana, rabi don yi mini ta'aziyya. Suprefe yana tsaye da tafinta gaban biro, kowane maigida ya sauko in faɗi sunansa, a nuna masa mai garin da zai karɓe shi. Yaya ne ya sauko a ƙarshe. Rawanin ya zame. Liman, wanda tare suka yi karatun allo, ya ja da baya yana salati a hankali. Dattawa suka dubi juna.

Suprefe ya nuna shi da haɓa, ya tambaya da 'yar Hausarsa, "Wannan fa?"

Na dubi yayana. Kafin in samu abin faɗi Yaya ya ɗan rusuna.

Ya ce, "Baƙo ne, ranka shi daɗe. Na zo gaisuwar mutuwa gidan Issaka."

A wurin nan akwai mutanen da suka yi kokawa da shi suna samari, akwai tsohuwar da ta yanke masa cibiya. Ba wanda ya san dalili, kuma ba wanda ya ce uffan. Suprefe ya ba ni hannu, ya sa tafinta ya ce mini ya ji labarin rasuwar yayana, yana taya ni baƙin ciki. Ya ƙara da cewa baƙo kam majalisa ba ta da abin ba shi. Na ce na gode, na sani.

A gida tabarmin makoki suna nan a shimfiɗe. Jama'a suka biyo mu suka cika zaure har waje, suka zauna, an rasa wanda za a yi wa gaisuwa da abin da za a ce. Na faɗa musu a taƙaice cewa mutuwa an yi, amma matarsa ce, sauran zancen kuma su bar shi a nan. Liman ya gyara zama ya ce to addu'ar da aka yi ta yi ba ta je inda ya kamata ba, sai a sake. Ya tambayi Yaya sunan da za a sa.

Yaya ya ce, "Afuwa."

Liman ya ce, "Allah shi yi muna afuwa gaba ɗaya. Amma sunan mamaciyar nike tambaya."

"Shi ne sunanta. Ran Juma'a anka haife ta."

Liman ya ɗaga hannu, zaure duka ya ɗaga. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka yi ta cewa amin a kan sunanta. A nan ne yayana ya sa fuska cikin tafin hannunsa ya yi kuka, wanda bai yi ba a Gaya, muka zauna muka jira shi har ya gama.